Wai daji ba ya son ƙarfe

Muna ɓarar gyaɗa Yaya ta faɗa mini. Lokacin kaka ne, ko'ina a tsakar gida shanya, ni kuma na zo hutun ƙarshen mako daga makarantar da nake koyarwa. Yara sun tafi makarantar allo, daga ni sai ita a gindin darbejiya. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Malama, akwai wani abu da nake ji a nan." Ta nuna gefen hagu na ƙirjinta da haɓa. Ba ta ce mini Malama sai in za ta zolaye ni, ko kuma in maganar ta wuce wasa. Ranar ba zolaya a muryarta.

Muka shiga ɗaki, ta saki labule, ta kama hannuna ta ɗora a wurin. Ƙullutu ne kamar gurjiya, can sama wajen hammata, da tauri, kuma in ka tura shi ba ya gudu. Na ce tun yaushe? Ta ce tun kafin babbar salla. Na lissafa da yatsu, wata huɗu ke nan. Na buɗe baki zan yi faɗa, ta riga ni: "Ai ba ya ciwo."

Wannan "ba ya ciwo" ɗin ta kai mata da yawa ƙasa. Mu a wajenmu ciwo shi ne abin da ya hana ki daka, ya hana ki ɗebo ruwa. Abin da ya zauna shiru bai dame ki ba, ke ma sai ki ƙyale shi. Alhali sankarar mama galibi haka take farawa, ƙullutu mai shiru, ba zafi ba zazzaɓi. Wanda ya zo da raɗaɗi da ja da kumburi lokacin shayarwa, sau da yawa ƙurji ne ko nono ne ya kwanta, ko da yake shi ma in ya ƙi jin magani a sake dubawa. Ita Yaya ta yaye autanta fiye da shekara, ba ta cika arba'in ba, 'ya'ya shida duk ta shayar. Ta ce ta ji a rediyo ana cewa shayarwa na kare mace. Na ce tana ragewa dai, ba ta hanawa. Shi kansa rediyon ne ya sa ta buɗe baki, domin watan Oktoba ne, watan da ake cika gari da maganar sankarar mama.

Amma na san abin da ya rufe mata baki wata huɗu ba rashin ciwon ba ne kaɗai. Gwaggo ce.

Gwaggo ƙanwar babanmu ce, muna 'yammata abin ya same ta. Shekara biyu ana fama a gida: sassaƙe, jiƙo, shafe-shafe, hayaƙi, duk wanda ya zo dubiya da nasa maganin. Duk wanda ya zo kuma sai ya ja kunne, kada a kuskura a kai ta asibiti, daji ba ya son ƙarfe, allura na taɓa shi zai bazu. Har wurin ya fashe. Ina tuna turaren wutar da ba ya mutuwa a ɗakinta, da yadda take juya mana baya in za ta canza tsumma. Da abin ya gagara aka ɗauke ta zuwa Kano, aka yi aiki, ba ta rufe wata biyar ba Allah ya karɓi abarsa. A zaman makoki abin da kowa ke faɗi ɗaya ne: "Ai mun faɗa, ƙarfe ya taɓa shi."

Na daɗe ina juya wannan magana. Mutanenmu ba ƙarya suka gani ba, sun ga an kai mace asibiti an yanka ta mutu, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Abin da ba a lissafawa shi ne shekara biyun da aka yi kafin a kai ta. Rumbu ne gara ta gama cinye shi, ranar da aka buɗe ya rufta, sai aka ce mai buɗewa ne ya rushe shi.

To, da ƙyar na shawo kan Yaya a kan abu guda: hoto kawai, ba allura ba wuƙa. Sikanin ba baƙonta ba ne, an yi mata a cikin biyu na ƙarshe, ta san ba ya zafi. Mijinta ma bai yi gardama ba. Muka hau babur zuwa wani gari kusa da mu, inda akwai shagon da ake yi wa masu ciki hoto. Yaron da ke wurin ya shafa mata man nan, ya goga abin sau biyu ko uku, ko minti uku bai yi ba, ya ce maiƙo ne ya taru, babu komai. Ya rubuta mata kafso na kwana biyar. Yaya ta fito tana murmushi har da sayen rake a hanya.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, kuma dalilina ƙarami ne. Kimiyya nake koyar wa 'yan ƙaramar sakandare, darasin sauti na cikin waɗanda na fi so. Kullum da rijiya nake farawa: ki leƙa ki yi kira, muryarki ta dawo miki, in rijiyar na da zurfi ta ɗan jima kafin ta dawo. Amsa-kuwwa ke nan. Sai in kawo musu jemage, da ke yawo cikin duhu ba ya karo da bango don yana sakin ƙara yana sauraron dawowarta. Na'urar sikanin ba ta wuce haka ba. Kan da ake gogawa a jiki yana sakin sautin da kunne ba ya ji, domin kunnen mutum iyakarsa girgiza dubu 20 a daƙiƙa, ita kuwa na'urar miliyoyi take yi. Sautin ya shiga tsoka, ya bugi abin da ya tarar, ya dawo, na'ura ta mai da shi hoto. Man nan mai yauƙi kamar karkashi aikinsa ya kori iskar da ke tsakanin fata da kan na'ura, don iska na tare sautin. Babu wani haske mai illa a ciki irin na hoton ƙashi, shi ya sa ake yi wa mai ciki ba fargaba.

Abin da na lura a shagon nan shi ne kan na'urarsa guda ɗaya ne tak, mai lanƙwasasshen baki, na duba ciki. Wannan girgizarsa ba ta wuce miliyan 3 zuwa 5, an yi shi ne don ya nutsa can ciki ya hango jariri, amma ba ya fayyace ƙananan abubuwa na kusa da fata. Na mama daban ne, bakinsa miƙaƙƙe, girgizarsa kan kai miliyan 10 ko fiye, ba ya zurfi sosai amma yana fito da abu dalla-dalla. Kamar a ba ki rariyar tsaki a ce ki tankaɗe garin ɗanwake ne. Ga kuma idon mai dubawa, wanda shi ne rabin aikin. Hoton sikanin ba irin wanda ake ɗauka a ajiye wani ya karanta daga baya ba ne kawai, abin da hannun mai gogawa bai bi ta kansa ba, ba zai fito a takarda ba.

Na bari ta shanye kafson. Ƙullutu na nan daram. Na ce Yaya, Kano za mu.

Ranar Juma'a mijinta ya ja akuya zuwa kasuwar Wudil. Ranar Litinin da asuba muka fito, muka tsallake gadar Wudil rana na fitowa, muka sauka Unguwa Uku. Wahalar layin kati da jiran likita ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa zuwa babban asibiti ya sani. Likitan da ya fara ganinta ya taɓa wurin, ya taɓa hammata, ya rubuta takardar hoto. Yaya ta sunkuyar da kai tun da muka shiga har muka fito. A waje na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta harare ni. Amma da muka je ɗakin hoto na roƙa ko akwai mace, aka ce mu jira, muka jira. Wannan roƙon ba laifi ba ne, in ma babu mace kina da damar cewa ma'aikaciyar jinya ko 'yar'uwarki ta tsaya a ɗakin.

Ɗakin da duhu-duhu da sanyi. Likitar ta sa ta kwanta rigingine, ta tura mata matashi ƙarƙashin kafaɗar hagu, ta ce ta ɗaga hannu ta ɗora bisa kai. Da man ya taɓa ta sai da ta zabura don sanyi, likitar ta yi dariya ta ce, "Yi haƙuri Hajiya, shi ke nan zafin da za ki ji yau." Ta ɗauko kan na'ura mai miƙaƙƙen baki. Na ce a raina, yawwa.

Ba ta fara da wurin ƙullutun ba. Da na dama ta fara, tana bi a hankali daga gefe zuwa kan mama, tana zagayawa kamar hannun agogo. Can sai ga wani abu a allon, baƙi wuluk, zagayayye sumul kamar ƙwai, ƙarƙashinsa ya yi haske. Gabana ya faɗi, domin wannan ɓangaren ba mu ma san da komai a ciki ba. Likitar ta ga fuskata ta ce, "Wannan ruwa ne, 'yar jaka ce. Kin ga baƙi ƙirin, babu komai a ciki da zai mai da sauti. Mata da yawa na da shi, ba abin damuwa ba ne." Sai na tuna yadda Inna ke ƙwanƙwasa tulu a kasuwa ta kara kunne, ta san mai tsaga da lafiyayye. Daga baya na karanta cewa wannan na cikin ayyukan da aka fara yi da na'urar a asibiti. Wani likitan mata a birnin Gilasgo na Sikotland, Ian Donald, ya gwada na'urar da masana'antu ke neman tsaga a jikin ƙarfe da ita a kan ƙarin da aka ciro daga cikin mata, ya ga tana bambance mai ruwa da mai tsoka, ya wallafa sakamakon aikinsa a 1958.

Da ta koma hagu sai ta daina hira. Abin da ya fito ba baƙi wuluk ba ne, toka-toka ne mai duhu, gefensa ba sumul ba, ya yi cako-cako kamar ƙarangiya. Ba a kwance yake ba, a tsaye yake, tsayinsa ya fi faɗinsa, kuma ƙarƙashinsa inuwa ta sauka. Ta juya kan na'urar ta duba ta wata fuskar, ta tsayar da hoton, ta sa alama nan da nan ta auna: santimita 1.7. Ta kunna wani abu launin ja da shuɗi suka ɗan bayyana, ta ce jijiyoyin jini take dubawa. Sannan ta hau hammata ta daɗe tana neman kaluluwa. Ta ce waɗanda ta gani siffarsu lafiya lau.

Na tambaye ta kai tsaye, "Likita, shi ne?" Ta ce, "Hoto ba ya yanke hukunci. Ƙarin da ba shi da illa yawanci kwance yake, sumul, kamar ƙwai, yana zillewa a hannu, irin wanda 'yammata suka fi samu. Wannan bai yi kama da shi ba. Amma kama ba ita ce tabbas ba, sai an ɗebi tsokar an duba."

A ƙasan takardar ta rubuta BI-RADS 4. Wani ma'auni ne da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta tsara, daga 0 zuwa 6, don duk likitan da ya karanta ya fahimci abu guda. In an rubuta 1 ba a ga komai ba, 2 an ga abu amma marar illa, irin jakar ruwan nan ta dama. A 3 zaton sankara bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, sai a ce ki dawo bayan wata shida a sake dubawa. Daga 4 sai an ɗebi tsoka, 5 kuwa zaton ya kai kashi 95 ko fiye. Takardar shagon farko da na sake dubawa, babu awo, babu lamba, babu ma bayanin wane gefe aka duba. In an miƙo miki takardar hoton mama ba ki ga girman abin da wannan lambar ba, ki tambaya.

An kuma tura ta mamogiram, wato hoton da ake matse mama tsakanin faranti biyu. Ta fito tana cewa sun matse ta kamar tunkuza. Na tambayi dalilin yin biyun, tunda ga sikanin ya nuna. Ashe kowanne da inda ya fi ƙarfi. Maman mace mai ƙuruciya cike yake da tsokar da ke yin nono, a mamogiram fari take fitowa, ƙarin ma fari, sai ya zama neman farar kaza a tarin auduga. Nan sikanin ya fi amfani, haka ga mai ciki da mai shayarwa. Shi kuma mamogiram yana kama wasu 'yan ɗigo-ɗigo kamar garin alli da kan riga ƙullutu bayyana, waɗanda sikanin kan tsallake, shi ya sa shi ake amfani da shi wajen binciken matan da suka haura arba'in ko da ba su ji komai ba. Mu dai a karkara sikanin ne ya fi kusa da mu, ya fi araha, kuma na'urarsa ba ta da girma. In da za a samu kan da ya dace da hannun da ya ƙware a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, da an rage wa mata hawa mota.

Rigimar ta tashi ne da muka koma gida da maganar allura. Mijin Yaya mutumin kirki ne, shi ya sayar da akuyarsa ba wanda ya roƙe shi. Amma da ya ji za a soka ƙarfe a wurin sai ya miƙe tsaye. "Yanzu ke da iliminki kina so a taɓa shi da ƙarfe? Kin manta Gwaggonku?" Na ce, "Malam, ban manta ba, don ita nake wannan." Na yi bayani har bakina ya bushe, cewa ɗibar tsoka da allura ba ta sa ciwon ya bazu, cewa ba a fara magani sai an san ko mene ne. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kwana tara muka rasa a haka.

Inna ce ta kashe maganar. Ta aika aka kira shi, ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ba ta yi dogon zance ba, kunyar suruki ba ta bari. Ta ce, "Shekara biyu marigayiya ta yi ko tsinke bai taɓa ta ba. Me ya hana shi cin ta? Ni na wanke ta, na san abin da na gani. Ka bar yarinyar nan a duba ta." Ya daɗe shiru, sannan ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, Allah ya sa a dace.

A ɗakin hoton nan dai aka yi. Aka wanke wurin, aka yi allurar kashe zafi, likitar ta riƙe kan na'ura da hagu, allurar ɗibar tsoka da dama. Ta ce wa Yaya za ta ji ƙara kamar an harba ɗanko, kada ta motsa. Ni ina kallon allo. Na ga allurar ta shigo daga gefe, farin layi siriri, tana tafiya a hankali har bakinta ya tsaya daidai jikin ƙarangiyar nan. Ƙas! Aka ciro, aka saka wani ɗan silin tsoka kamar zaren taliya a kwalba mai ruwa. Sau huɗu aka yi. Ba laluben duhu, ido na gani hannu na bi. Aka manna filasta, ko ɗinki babu. A mota tana cin gurasa ta ce, "Wai shi ke nan ƙarfen?"

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki sakamako ya fito. Sankara ce. Ba zan yi ƙarya in ce mun ɗauka da sauƙi ba, a bakin masallacin asibitin muka zauna muka yi kukanmu. Amma likitan tiyata ya ce mana wata magana da na riƙe: ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, kuma bai kai ga kaluluwar hammata ba, mataki na farko ke nan cikin huɗu, kuma a wannan matakin mafi yawan mata suna warkewa in sun kammala magani. Ya ce akasarin waɗanda yake gani sai a mataki na uku ko na huɗu suke zuwa. Ya kalli Yaya ya ce, "Hajiya, wa ya kawo ki da wuri haka?" Ta nuna ni da haɓa, kamar yadda ta nuna ƙullutun ran farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da wannan ciwo a duniya, dubu 670 suka rasu. A shirin da ta ƙaddamar a 2021 ta sa burin a riƙa kammala bincike, daga dubawa zuwa hoto zuwa sakamakon tsoka, cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Na ɗauko kalandar makaranta na ƙirga namu tun daga ranar shagon farko: kwana 52. Mun tsallake da ƙyar. In aka haɗa da wata huɗun da ta yi shiru kuwa, lissafin ya canza, kuma da na yarda da "maiƙo ne" da har yanzu muna zaune.

An yi aiki, an cire maman hagu gaba ɗaya. Kaluluwar da aka ciro aka duba ba a sami komai a ciki ba. Ta sha ƙarin ruwan magani, gashi ya zube ya dawo, saniyar gidan ta bi akuya. Yanzu ƙwaya take sha kullum, wadda aka ce za ta shekara biyar a kanta, kuma tana komawa a duba ɗaya gefen. Ta ɗinka wa kanta ɗan matashi da auduga tana sakawa a rigar mama, in ta yafa mayafi ba mai ganewa. Bana ita ta yi noman gyaɗarta.

Takardar hoton tana cikin kwalla a saman kabad, tare da katin zaɓe da takardun haihuwar yara. Makon jiya bayan isha'i matar ɗan maƙwabcinsu ta shigo wai aron kanwa, ta zauna ta ƙi tafiya har yara suka yi barci. Ashe kan mamanta ne ya fara shigewa ciki, kuma wani ruwa-ruwa mai jini na fita. Yaya ta sauko da kwalla, ta haska mata hoton da fitilar waya, ta nuna mata baƙin ƙwan da ƙarangiyar, ta ce in sun je ta tabbata da mai miƙaƙƙen baki aka duba ta, ba na masu ciki ba. Da sassafe wayata ta yi ƙara.

"Malama, ranar Litinin kina da aji?"